Hangen Nesa a Kan Hanyar Katsina Zuwa Kano

Ran 30 ga watan Janairu na shekara ta 1851, wani Bature Bajamushe mai suna Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da Abdulkarim, ya fita daga birnin Katsina ya nufi Kano. Sarkin Katsina na lokacin, Muhammadu Bello, ya tsare shi 'yan kwanaki a kan maganar gaisuwa, saboda haka da ya sami sallama bai yi nawa ba. Hanyar da ya bi ita ce ta fatake, wadda ta ratsa ta Kusada da Kafarda, ta faɗa Bici, sa'an nan Kano. Ya shiga Kano ran 2 ga Fabrairu, watau tafiyar kwana huɗu ke nan.

Baturen nan ya sha yawo a duniya, ya ƙetare Sahara da ƙishirwarta, amma ƙasar da ya gani tsakanin Katsina da Kusada ta ba shi sha'awa ƙwarai, har ya yabe ta a cikin littafinsa. Ya ga gonaki da garkunan shanu, da manyan itatuwa masu inuwa, da mata zaune bakin hanya suna sayar wa matafiya abinci. Dalilin zaman matan nan a fili yake. Hanya ce mai albarka. Ta nan Buzaye ke wucewa da raƙuman gishiri daga Bilma, ta nan ake kai kanwa, ta nan baƙin Kano da sauran tufafin rini ke fita zuwa arewa, har su kai Gadamus da Tarabulus. Ta nan kuma ake kora bayi, abin da ba shi da daɗin faɗi, amma yana cikin cinikin wannan zamani. Kuɗin kuwa wuri ne, ana ƙirga shi a ƙasa, ana ɗora shi a kan jaki.

To, da a ce a wannan rana an sami wani dattijo a zangon Kusada an tambaye shi yadda garinsu zai zama bayan shekara 100, me zai ce? Ba shakka zai duba abin da ya sani. Zai ce in dai Allah ya ba da zaman lafiya, ayari zai ƙaru, zango zai faɗaɗa, jikokinsa za su sayar wa jikokin Buzayen nan dawa da hura. Ba za a ce ya yi wauta ba. Har ma yana da misali a gabansa na yadda kasuwa ke tashi daga gari, gama Katsina kanta ita ce uwar cinikin Sahara a dā, amma bayan jihadi, da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya tsakaninta da Maraɗi, sai manyan 'yan kasuwa suka kwashe suka koma Kano. Barth ya ƙiyasta mutanen da ya tarar cikin ganuwar Katsina ba su wuce 7,000 ko 8,000 ba, alhali ya ba Kano 30,000. Dattijon ya san yaƙi na iya kau da hanya. Abin da bai sani ba shi ne ƙarfe ma na iya kau da ita.

Alhali kuwa abin ya riga ya taso. A shekara ta 1830 jirgin ƙasa ya fara jigilar mutane tsakanin Libaful da Manchesta a Ingila. A shekara ta 1854, Barth bai ko koma gida ba, wani jirgin ruwa mai tafiya da tururi ya shigo Kwara daga teku ya hau Binuwai, ƙarƙashin wani likita mai suna Baikie. Mutanensa suka riƙa shan kwinin kullum, suka koma ba wanda zazzaɓi ya kashe. Wannan ƙaramin labari, wanda ba wanda ya ji shi a Kusada, shi ne farkon mutuwar hanyar raƙumi. Tun da Bature ya iya shigowa ta kudu da jirgi bai mutu ba, ƙofar ƙasar Hausa ta fara juyawa daga arewa zuwa kudu. Sai dai juyawar ta ɗauki shekara wajen 60, kuma wanda ke tsakiyar abu mai tafiya a hankali haka ba safai yake ganin motsinsa ba.

A shekara ta 1903 Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, cikin watan Maris kuma Gwamna Lugga ya iso Katsina, aka karɓe shi ba yaƙi. A nan ne manyan ƙasa suka rabu wajen karanta zamani. Waɗansu suka ga ba zama da Nasara, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, aka yi gumurzu a Burmi cikin watan Yuli, ya yi shahada tare da jama'a mai yawa. Waɗansu suka zauna, amma suna ganin Turawan nan baƙi ne kamar ruwan bazara, yanzu za su wuce. Sarkin Katsina Abubakar bai daɗe ba Turawa suka tuɓe shi, suka naɗa Yero. Shi ma da aka yi tashin hankalin Satiru a 1906, suka zarge shi da jan ƙafa, suka tuɓe shi. Sai suka ɗauko Durbi Muhammadu Dikko, Basulluɓe, wanda ba daga gidan Ummarun Dallaje ya fito ba, suka ba shi sarauta.

Ba a taru an zama ɗaya a kan wannan naɗi ba. Dallazawa sun rasa gadon da suke riƙe da shi tun shekara 100 da ta wuce, kuma akwai waɗanda suka ɗauki Dikko mutumin Turawa kawai. Mai karatu yana da ikon ya auna wannan da kansa. Amma ko wanda bai so hanyar da ya hau ba, da wuya ya musa cewa Dikko ya fi sarakunan zamaninsa gane abu guda: Turawa za su iya tafiya, amma kayan da suka zo da su ba za su tafi ba. Takarda da alƙalamin boko, da agogo, da mota, da asibiti, da lissafin kuɗi a rubuce, duk sun zo ke nan. Wanda ya ƙi koyonsu, wani zai koya ya mallake shi.

A zamaninsa ne, tare da wani Bature mai suna Palmer, aka fara kafa Baitulmali a Katsina, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, sa'an nan sauran ƙasashen Arewa suka ɗauka. A 1921 ya tafi aikin Hajji ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila, ya gana da Sarki Joji na Biyar. Ya sake komawa Ingila a 1924, da 1933, da 1937. Mutum ne mai son ya ga abu da idonsa, ya tambayi yadda aka yi shi. Ya karɓi babbar makarantar horon malamai da aka kafa a Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe ran 5 ga Maris 1922. A wajen 1930 kuma, lokacin da yawancin mutane ke ganin karatun boko ga 'ya mace abin kunya ne, ya yarda aka buɗe wa 'yan mata makaranta, ya fara da 'ya'yan gidansa da na fadawansa. Ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi.

Makarantar nan ta Katsina ta isa a tsaya a kanta kaɗan, don ta nuna yadda mai shuka ba kullum yake sanin abin da zai girba ba. Nufin Turawa shi ne su sami malamai 'yan ƙasa, masu ladabi, waɗanda za su koyar a makarantun En'e ba tare da sun tayar da hankalin kowa ba. Ba su yi nufin renon waɗanda za su karɓi mulki daga hannunsu ba. Amma yaron da aka koya wa Ingilishi don ya karanta littafin aji, ba mai hana shi karanta jarida. Daga cikin ɗaliban nan aka sami Ahmadu Bello, wanda ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Minista a 1957, da Abubakar Imam, wanda ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. An mai da makarantar Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Lissafin Turawa ya kuskure. Na Dikko kuwa ya fi kusa da daidai, gama shi bai ce ga aikin da yaran za su yi ba, ya dai ga cewa gobe ta mai ilmi ce.

Sai a koma ga hanya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. A wannan shekara ta 1911 kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus da yaƙi. Larabawan Gadamus mazauna Kano suka ga ya fi musu sauƙi su aika da fata da gashin jimina ta Ikko, su bi teku, da su jira raƙumi ya yi wata da watanni cikin rairayi. Cikin 'yan shekaru kaɗan babban ayarin Tarabulus ya zama labari.

Abin mamaki, waɗanda suka shimfiɗa dogon ma ba su san abin da zai ɗauka ba. Masu masaƙun Manchesta sun kafa wata ƙungiya a 1902 don neman auduga a ƙasashen da Ingila ke mulki, suka ƙwallafa rai a kan ƙasar Kano da Katsina. Suka ce ga mutanen da suka gaji noman auduga tun kaka da kakanni, in an kai musu jirgi, auduga za ta kwararo kamar ruwa. Da wannan hujja aka shawo kan Gwamnatin Ingila ta yarda da aikin. An yi lissafi a Landan, an yi a Manchesta, amma ba a yi shi da manomi ba. Manomi kuwa ya zauna ya yi nasa. Ya ga auduga tana cin ƙasa, tana son aiki mai yawa, kuma masaƙan gida suna biyan kuɗi fiye da na Bature. Ya ga gyaɗa tana son jigawa irin tasa, ana iya shuka ta tsakanin gero da dawa, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma shekara ta ɓaci ana iya cinta, alhali ba mai cin auduga. Daidai lokacin kuma masana a Turai suka gano yadda za a daskarar da man gyaɗa ya zama kamar man shanu, sai kuɗinta ya tashi. Fataken goro na Kano, waɗanda suka san kowane ƙauye da kowane dillali, suka bazu suna raba gishiri da tufafi bashi, a biya da gyaɗa. A 1912 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta wuce tan 2,500 da 'yan kai ba. A 1913 ta haura tan 19,000, har tashar Kano ta rasa inda za ta zuba buhuna. Auduga ta sami wurinta daga baya a kudancin Katsina, wajen Funtuwa da Malumfashi, inda ƙasa ta fi nauyi. Amma ƙasar Kankiya da Kusada da Ingawa ta gyaɗa ce.

Manomin ma bai tsira daga kuskure ba. Damina ta 1913 ta ƙi, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba a 1914, mutane da yawa suka mutu. Wanda ya rage gonar hatsi don kwaɗayin kuɗin gyaɗa ya ga sule ba ya shiga tukunya in babu gero a kasuwa. Tun daga nan dattawan ƙasar suka riƙe ka'idar cika rumbu tukuna, kafin a yi zancen abin sayarwa.

Dogo bai taɓa zuwa birnin Katsina ba a zamanin Turawa. Reshen da aka ja daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Saboda haka duk gyaɗar tsakiyar ƙasar Katsina sai ta nemi hanyar zuwa tasha, ko Kano ko Funtuwa. Da fari jakuna da raƙuma da takarkarai suka ci gaba da aikin, har suka daɗe suna gasa da mota, don jaki ba ya shan fetur, ba ya kuma jiran a gyara gada. Amma En'e ta shiga aikin hanyoyi. Ba a ɓoye yake ba, da gumin talakawa aka yi su, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya aika wa mai unguwa, a fito da majiya ƙarfi su sare itace, su ɗauko burji a kai. Hanyar mota daga Kano ta bi ta Bici da Tsanyawa, ta shigo ƙasar Katsina wajen Yashe, ta ratsa Kankiya da Caranci, ta shiga birni. Wata kuma ta taso daga Funtuwa ta bi ta Malumfashi ta haɗu da ita a wajen Yashe. Garin Kusada, wanda ayari ya yi ɗaruruwan shekaru yana kwana a ƙofarsa, aka bar shi gabas da hanya.

Ba a rushe ganuwar kowa ba, ba a kori kowa ba. Hanya kawai ta gusa da 'yan mil kaɗan, amma arziki ya bi ta. Inda lori ke tsayawa nan ake kafa sikeli, inda sikeli yake nan 'yan baranda ke taruwa, nan mai tuwo da mai shayi da bakanike ke kafa rumfa. Kankiya ta zama matsaya tsakanin manyan birane biyu. A kusa da mararrabar Yashe kuwa akwai garin da ake kira Gidan Mutum Ɗaya. Sunan kaɗai ya isa labari, gama ba a kiran wuri haka sai in an san shi tun yana gida guda a bakin hanya. Yau kuwa mai wucewa ba zai iya ƙirga gidajensa daga cikin mota ba. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, Kankiya ta zama hedkwatar ɗaya daga cikin bakwai da aka yanka a ƙasar Katsina da Daura. Kusada sai a 1996 ta sami tata, shekara 9 bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 150,000 a ƙaramar hukumar Kankiya, Kusada kuwa kusa da 100,000.

Wanda ya tsaya a Kano a wajen 1960 ya ga dalar gyaɗa, buhu a kan buhu har sama, in aka ce masa wata rana ba za a ga ko ɗaya ba, sai ya yi dariya. Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗora lissafinta a kan gyaɗa da auduga. Da ribar da Hukumar Ciniki ke tarawa aka gina makarantu da asibitoci da hanyoyi. A cikin shekarun nan ne kuma aka yi Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi, mutumin Katsina, ya shugabanta, manya suka zauna gindin itace da allo da alli, aka riƙa buga wa lardin Katsina 'yar jaridarsa mai suna Himma. Kowa na ganin gyaɗa ce za ta ɗauki nauyin wannan duka har illa ma sha Allahu. Amma a 1956 an riga an tono man fetur a Oloibiri, can kusa da teku, a 1958 aka fara fitar da shi. Sa'an nan fari ya zo daga 1972 zuwa 1974, a 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki. Kuɗin fetur ya sa Gwamnati ta daina damuwa da manomi, samari suka bi lori zuwa birane. Dala ta ƙare. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona gaba ɗaya.

In an duba da kyau, abin da ya rage daga wannan zamani ba buhunan ba ne. Buhu ya tafi Ingila an matse shi. Abin da ya rage shi ne mutumin da ya koyi karanta lambar sikeli don kada a cuce shi, ya iya rubuta wa ɗansa wasiƙa ba sai ya nemi malamin kasuwa ya ji asirinsa ba, sa'an nan da aka buɗe makarantun firamare kyauta ga kowa a 1976 bai ɓoye 'ya'yansa cikin rumbu ba. Ajin dare bai yi kama da babban aiki ba a lokacinsa, in an gwada shi da dala. Shi ne kuwa ya fi ta daɗewa.

Zamanin da ya biyo baya ya zo da nasa alkawaran. Tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamnan Katsina aka ƙudura samar da lantarki daga iska a Lambar Rimi, a kan wannan hanya dai, arewa da Caranci. Aka shirya kafa dogayen fankoki 37 da za su ba da megawat 10. Tunani ne mai kyau, don iska ba ta ƙarewa kamar fetur. Amma aikin ya yi ta jan jiki. A watan Disamba 2012 'yan bindiga suka sace wani injiniya Bafaranshe da ke aikin, kome ya tsaya, aka shafe fiye da shekara 10 ana ɗaga ranar gamawa. A watan Yuli 2016 kuma Gwamnatin Tarayya ta sa hannu da kamfanoni 14 don su kafa manyan gonakin lantarki na hasken rana, aka zaɓi Kankiya a ba ta mai megawat 75, saboda tana da rana, tana da fili, ga kuma tashar rarraba wuta a kusa. Sai gardama ta tashi a kan farashi da lamunin biya, shekaru suka shige ba a kunna ko ƙwai ɗaya daga wannan yarjejeniya ba.

Hasken rana kuwa ya shigo ƙasar, amma ta ƙaramar ƙofa. Masana'antun Sin suka yi ta buga faifan sola har ya yi araha, 'yan kasuwa suka kawo shi Kano, daga can ya bi lori zuwa ƙauyuka. Mai shago ya ɗora ɗaya a kan rufi yana cajin waya ana biyansa, masallaci ya sa nasa don lasifika, aka haƙa rijiyoyin burtsatse masu jan ruwa da rana. Labarin auduga da gyaɗa ne ya sake dawowa: manya sun faɗi daidai cewa abin zai zo, amma sun kuskure ƙofar da zai shigo, da hannun da zai karɓe shi.

Haka wayar hannu. Kafin 2001 layukan tarho a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, yawancinsu kuma a ofisoshi da gidajen manya suke. A watan Agusta na wannan shekara aka fara wayar salula, mutane suka ce kayan masu kuɗi ne, don layi kaɗai ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci. A 2022 layuka sun haura miliyan 200. Manomin Kafarda yana iya jin farashin wake a kasuwar Dawanau kafin ya ɗaure buhu, ɗan ci-rani a Ikko yana aiko wa mahaifiyarsa kuɗi ta karɓa wurin mai POS kafin la'asar. Tafiyar da ta ci wa Barth kwana huɗu, mota na yin ta cikin sa'a uku, magana kuwa ba ta ɗaukar ko ƙiftawar ido.

Sai dai wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka hannu. Babur da waya, waɗanda suka sauƙaƙa wa talaka zuwa asibiti da kasuwa, su ne kuma suka ba ɓarayin daji ƙafa da kunne. A watan Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. A watan Satumba 2021 hukuma ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-ma, maƙwabciyar Kankiya ta yamma, aka kuma taƙaita hawan babur da sayar da fetur a jarka. Mutanen da suka yi shekara 20 suna murnar waya ta iso, sai ga su suna tafiya mai nisa don su sami inda za su kira 'yan'uwa. A cikin masu yabon wayar salula a 2001, da wuya a sami wanda ya hango wannan rana. Alamunta kuwa suna nan tun tuni ga mai duban mutane, ba na'ura ba: jama'a ta ninka, gonaki sun cinye burtali da makiyaya, ga samari birjik waɗanda ba su sami aji ba, ba su kuma sami garke ba.

Maganar dogo, wadda Katsina ta yi fiye da shekara 100 tana jira, ta sake tasowa. Ran 9 ga Fabrairu 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa layi daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, aka ba wani kamfanin ƙasar Fotugal mai suna Mota-Engil kwangila. Maraɗin nan da yaƙinta ya kori fatake daga Katsina a zamanin su Barth, ita ce aka nufa da kaya. A yadda aka zana layin, daga Kano zai bi ta Dambatta da Kazaure, ya shiga Daura, ya biyo ta Mashi zuwa Katsina, sa'an nan Jibiya, ya ƙetare iyaka. Bai bi tsohuwar hanyar ayari ta Kusada ba, bai kuma bi hanyar mota ta Kankiya da Gidan Mutum Ɗaya ba. Ya bar su duka biyu kudu da shi.